Fayil Ɗina Ya Ɓata, Kwamfutar Ofis Ta Tsufa, Ni Kuma Ina Lebul 9 Tun 2017

Baban Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga mu shiga aikin gwamnati. Ba zan ambaci jiha ko ma'aikata ba, don ina da abokan aiki a wannan zauren, kuma ba tonon silili na zo yi ba.

An ɗauke ni aiki a 2013 da digiri, a lebul 8, a sashen tsare-tsare da ƙididdiga. Na samu lebul 9 a 2017. Daga nan shiru kake ji. Waɗanda muka karɓi takardar kama aiki rana ɗaya da su suna lebul 12, akwai ma wanda ake maganar 13 ɗinsa. Duk sanda aka liƙa sunayen masu shiga intabiyun ƙarin girma, babu nawa. Da na bi sawu sai aka ce ba a ga fayil ɗina ba a rajistar sirri, wato ɗakin da ake ajiye fayilolin sirri na ma'aikata. Aka buɗe min na wucin gadi, na kai kwafin takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girman baya, da takardun makaranta. Da lokaci ya sake zagayowa sai aka ce fom ɗin APER, wato na auna ƙwazon ma'aikaci duk shekara, har na shekara biyu ba sa ciki. Da hannuna na cike su, ogana ya sa hannu a gabana. Shi kuma yanzu ya yi ritaya.

Ga abin da ya fi ƙona min rai. Duk sashenmu kwamfutar tebur ɗaya ce tal mai aiki, Windows 7 ne a kanta. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Duk filashin da ka soka mata sai ya fito da cuta. Firinta tana nan an lulluɓe ta da tsohon labule, tun bara babu tawada. Intanet daga wayata nake jonawa, da datar da na saya da albashina, ga shi tun farkon 2025 an ƙara mata kuɗi. Kasafin kuɗin ma'aikata, rahoton wata uku-uku, jadawalin ayyuka, duk a laftof ɗina na gida nake yinsu, sannan in kai shagon kwamfuta na bakin get a bugo.

To in ci gaba da bi ne, ko in nemi canjin ma'aikata, ko in ajiye musu aikinsu? Wallahi na gaji.

Ɗan Ƙaramar Hukuma:
Wa alaikumus salam. Kai da kake da kwamfuta guda ai godiya za ka yi. Mu da rula da biro muke jan layin jadawali, kuma rular ma ta ɗana ce ta makaranta.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na karanta bayaninka har ƙarshe. Na yi shekara 35 ɗina a aiki na fita lafiya, bari in faɗa maka abin da na sani, ka ɗauki wanda zai amfane ka.

Kada ka ajiye aiki cikin fushi. Wanda ya ɓatar maka da fayil ko a jikinsa, ƙila ma ɗan uwansa za a saka a gurbin.

Sannan ka san ƙa'idar da kake tsaye a kanta. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda yawancin jihohi suke bi, daga lebul 6 zuwa ƙasa shekara biyu ake yi kafin mutum ya cancanci ƙarin girma, daga 7 zuwa 14 shekara uku, daga 15 zuwa sama huɗu. Amma cika shekaru kaɗai ba ya isa. Sai da APER na shekara ukun baya, sai an ci jarrabawa ko intabiyu, sai kuma akwai gurbi. Shi gurbin nan da shi ake fakewa a manyan matakai. A naka matakin, daga 9 zuwa 10, ba a cika tayar da maganarsa ba. Ka ga ke nan ciwonka na takarda ne, da takarda kuma ake maganinsa.

Ka daina bin su da baki. Ka rubuta koke zuwa ga babban sakatare ta hannun daraktanka, ka jera kwanan watan komai, ka maƙala kwafin duk abin da kake da shi. Ka yi guda biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ka tafi da ita gida. In wata ɗaya ya wuce ba ka ji komai ba, ka rubuta tunatarwa ka ambaci ta farko. Wanda ya ce maka "ka dawo jibi" zai ce bai tuna ba. Hatimi ba a musunsa.

Maganar kwamfuta kuwa, ni ban ga abin da ya haɗa ta da ƙarin girmanka ba. Lokacin da muka kama aiki tafireta ce, da takardar kabon, da injin gurza sitensil da ake juyawa da hannu. Ko kalkuleta sai a ofishin akanta. Amma fayil bai ɓata. Duk wanda zai fita daga rajista sai an rubuta a littafi, mai karɓa ya sa hannu. Tsarin lebul 1 zuwa 17 ɗin nan da kuke kai tun rahoton Udoji na 1974 yake, an kuma yi shekaru ana tafiyar da shi babu na'ura ko ɗaya. Mutane ne suka lalace.

Sabon Jini:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma a nan ban bi ku ba. A zamaninku ma'aikata nawa ne a jihar gaba ɗaya? Yanzu sun ninka, rajistar kuwa ɗakin nan ne dai guda, da kabad ɗin ƙarfen da kuka bari. In ma mutane ne suka lalace, ai shi ya sa ake buƙatar abin da ba ya jin kunyar kowa. Da bayanansa suna cikin na'ura, ranar da ya cika shekara uku sunansa zai fito da kansa, ba sai ya je gaida wani ba. Tun 2015 yaranmu suke rubuta JAMB a kwamfuta gaba ɗaya. An tilasta wa ɗan ƙauye mai shekara sha bakwai ya koya, amma ubansa a ofis yana yawo da fayil a hammata.

Baban Hanan, ni dai ka fara neman hanyar fita. Wanda ya iya Excel har yake haɗa kasafin ma'aikata guda, ƙungiyoyin agaji nemansa suke.

Na Rajista:
Ni a rajista nake aiki. Ƙila ba jiharku ba ce, amma duk kanwar ja ce. Kullum mu ake zagi, to bari ku ji yadda abin yake daga ciki.

Rufin ɗakinmu yana yoyo ta kusurwa ɗaya. Da damina sai mu kwashe fayilolin wannan ɓangaren mu jibge a kan benci. Kabad sun cika tuntuni, sauran a ƙasa suke, ɗauri-ɗauri da igiya. Gara ta ci na ƙasan, ɓera ya gaigaye gefen wasu. Ko bangon fayil ba a kawo mana. In naka ya yage, kai za ka sayo a bakin titi ka kawo. Littafin fita da shigar fayil da Baba yake magana yana nan, amma wa ke sa hannu? Masinja zai shigo a guje ya ce yallaɓai na son fayil ɗin wane yanzu-yanzu. Ka ce ya sa hannu, ya ce zai dawo. Ni da nake lebul 5 zan hana fayil ɗin da darakta ya aiko a ɗauka? Daga nan sai ya shige durowar wani. A yi wa mutumin canjin wurin aiki, ya kulle durowa ya tafi da mukulli. Ko a rubuta KIV a kai, wato a dakata sai an waiwaye shi, a ajiye gefe, a ɗora wasu a samansa, shi ke nan an binne.

Wannan ɓatan sakaci ke nan. Akwai kuma ɓatan da aka shirya, ba zan ɓoye muku ba. Akwai abokan aikinmu da in ba ka ba da na goro ba fayil ɗinka ba zai ganu ba, ranar da ka bayar kuwa kafin ka zauna ya fito. Akwai kuma wanda daga sama ake cewa a riƙe. Fayil ba shi da ƙafa, duk wanda ya bar wurinsa hannu ne ya ɗauke shi.

Shi ya sa nake dariya in an ce a kawo kwamfuta. An taɓa kawo mana guda biyu da na'urar sikanin, manya suka zo aka ɗauki hoto, aka ce za a tura mu kwas. Da kwas ɗin ya zo sai aka tura mutanen da ba su taɓa leƙa rajista ba, saboda akwai alawus. Na'urar tana cikin kwalinta har yau. A kanta muke ajiye filas ɗin shayi.

Baban Hanan:
Malam Na Rajista, Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya. Ni ban taɓa ba da ko sisi ba, ba kuma wanda ya fito fili ya nema. Amma an sha ce min "ai ka san yadda ake yi".

Maman Khalifa:
Ƙanena ka yi haƙuri, amma naka mai sauƙi ne, don ranar da aka ga fayil ɗinka hanya a buɗe take har sama. Ni HND na yi a fannin akanta. Fayil ɗina bai taɓa ɓata ba, ƙarin girmana bai cika makara ba, na kai lebul 14 na tsaya cak, don nan ne iyakar masu HND. Yaran da na koya wa haɗa baucan biyan kuɗi da daidaita littafin banki, masu digiri, yau ɗaya daga cikinsu shi nake kai wa fayil ya sa hannu. Majalisar tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambancin a 2021, muka yi ta murna a ofis har da rabon lemo, Buhari ya sauka bai sa masa hannu ba. Abin da ya rage min shi ne in koma makaranta in samo wata takardar a canja min layi, kuma sau da yawa in an canja maka layi sai an dawo da kai baya tukuna. Da yara a gabana, da wannan tsadar? Na haƙura.

A ɓangaren na'ura kuwa mu 'yan sashen kuɗi an fi kula da mu. Inda kuɗi ke bi ba a barinsa babu kwamfuta da janareta. In firintarmu ta tsaya da safe, kafin azahar an gyara. Ku lura da kyau, inda haƙƙin ƙaramin ma'aikaci yake kwance, wato rajista da sashen kula da ma'aikata, nan ake bari da takarda da gara.

Injiniya Ɗan Zazzau:
Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Ni ina sashen na'ura a wata hukumar tarayya a Abuja. Ku duba abin da gwamnatin tarayya ta fara mayarwa kan kwamfuta. IPPIS na biyan albashi an fara shi a 2007. Asusun bai-ɗaya na TSA aka tilasta shi a 2015. Duk na kuɗi ne, na toshe ma'aikatan bogi da sanin abin da ya shigo aljihun gwamnati. Na kula da ci gaban shi ma'aikacin shi ya zo a baya. Sai a 'yan shekarun nan aka fara maye gurbin APER da sabon tsarin auna ƙwazo da ake kira PMS, kuma shugabar ma'aikatan tarayya, Didi Walson-Jack, ta sa wa ma'aikatu wa'adin ƙarshen Disamban 2025 su daina aiki da takarda.

Amma Sabon Jini, kada ka ɗauka na'ura waliyyiya ce. Na ga ofishin da ake turo wasiƙa ta imel, sakataren oga ya buga ta a takarda, ya huda, ya sa a fayil, a kai wa oga ya yi rubutu a kai da biro, sannan a yi sikanin a mayar cikin kwamfuta. An ƙara aiki ne kawai. Kuma in aka shigar da bayaninka ba daidai ba, wahalar gyaransa ta fi ta neman fayil, don a rajista aƙalla akwai mutumin da za ka tsaya a gabansa ka yi magiya. Tambayi malaman jami'a abin da suka gani da IPPIS. Yana cikin abubuwan da ASUU ta yi yajin aikin wata takwas a kansu a 2022, har sai da majalisar zartarwa ta amince a cire jami'o'i daga ciki a Disamban 2023.

Baban Hanan, kai kuma. Windows 7 tun Janairun 2020 Microsoft ta daina aiko masa da gyaran tsaro, don haka cutar da kake gani a filashi ba ƙarewa za ta yi ba, kuma kwasarta kake kana kai wa laftof ɗinka. Wanda ya fi wannan damuna shi ne kai takardun gwamnati shagon kwamfuta. Yaron shagon yana da kwafin duk abin da ka taɓa kai masa. Ranar da daftarin kasafi ko jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu ya fito a Facebook, ba za a tambayi wanda ya ƙi sayen tawada ba, wanda ya fita da takarda za a nema. Ka yi rantsuwar riƙe sirri lokacin kama aiki, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Mai ce maka "je ka bugo mana" yau, ranar nan zai ce bai aike ka ba.

Sabon Jini:
Injiniya na yarda ba waliyyiya ba ce. Amma tana barin sawu. An san wanda ya buɗe, an san ƙarfe nawa, an san wanda ya goge. Abin da ake gudu ke nan, ba kuɗin sayenta ba.

Hajiyar Sashen Mulki:
Baban Hanan, ina da tambaya kafin in ce komai. Ka taɓa neman tafiya karatu ko canjin wurin aiki? Me aka rubuta a kan takardar? Sannan in ban da kai, wa ya iya haɗa kasafin nan a sashenku?

Baban Hanan:
Hajiya na nema. Na samu gurbin digiri na biyu, na nemi izini, darakta ya rubuta cewa ba za a iya sakina a wannan lokacin ba saboda aikin kasafi. Da wata hukuma ta nemi a ba ta aron ma'aikaci mai ƙididdiga, abin da ya sake rubutawa ke nan. Kasafi kuwa gaskiya ni kaɗai ne. Akwai manya a samana, amma su gyara suke min da biro a kan abin da na bugo.

Hajiyar Sashen Mulki:
To ai ka ba kanka amsa. Ban ce daraktanka ne ya ɓoye fayil ba, zato zunubi ne. Amma ka tambayi kanka, me zai sa ya tashi tsaye a kan maganarka? Yana da ɗan lebul 9 da yake yi masa aikin ɗan lebul 13, da laftof ɗinsa, da datarsa, da kuɗin bugawarsa. Rahoto yana fita a kan lokaci, ana yaba masa a taron manya. A wurinsa babu abin da ya lalace. Kai ne kake toshe ɓarakar da za ta sa a gane sashen ba shi da kayan aiki. Na daɗe a sashen mulki, na ga irinku da yawa. Wanda ya fi kowa iya aiki shi ake riƙewa. Wanda ba ya tsinana komai shi ake saki ya tafi kwas don a huta da shi, ya dawo da satifiket, satifiket ɗin ya ƙara masa maki a intabiyu.

Abin da zan ce ka yi shi ne, ka rubuta takardar neman kayan aiki, kwamfuta da tawada da intanet. Ka bayyana cewa laftof ɗin da kake amfani da shi naka ne, kuma ba za ka iya ci gaba da fita da takardun ofis waje ba saboda tsaro, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Cikin ladabi, babu zafi. Ka miƙa ta wata biyu kafin lokacin kasafi, ka ga yadda kuɗin da ake cewa babu zai fito. Ranar da ya kira ka a kan wannan, sai ka ce yallaɓai, ga kuma maganar fayil ɗina.

APER biyun da suka ɓata kuma, tsohon ogan ritaya ya yi, ba mutuwa ba. Ka je gidansa ka gaishe shi, ya rubuta maka 'yar takarda cewa shi ya duba aikinka a waɗannan shekarun, ka haɗa da sababbin fom ka kai sashen mulki.

Baba Mai Ritaya:
Hajiya, a yi hattara da shawarar farkon nan. Shi wannan daraktan shi zai cike masa APER na bana, ta hannunsa kuma koken zai bi. In ya ɗauka barazana ce, jimla ɗaya zai rubuta a fom ta bi yaron nan har ritaya. Ko a wayi gari an tura shi ofishin shiyya inda ko kujera babu. Na ga an yi.

Hajiyar Sashen Mulki:
Ranka ya daɗe, ba inda zai tura shi. Wa zai yi masa kasafin?

Baba Mai Ritaya:
Akwai shugaban da ya fi son aiki ya lalace a kan a ce ƙaramin ma'aikaci ya juya shi. Shi ya san halin nasa, ya auna.

Ustazun Unguwa:
Wani ya tambaye ni ta gefe ko janye laftof ɗin cin amana ne. A fahimtata, amanar da ya ɗauka ita ce lokacinsa da iliminsa da gaskiyarsa a aikin da aka ba shi. Dukiyarsa ba ta cikin yarjejeniya. In ya bayar kyautatawa ce, in ya janye bai yi laifi ba, matuƙar bai riƙe bayanan ofis ba, bai kuma yi don aikin jama'a ya lalace ba. Abin da ba zan ba shi shawara ba shi ne na goron nan. Ya bi ta takarda kamar yadda Baba ya ce.

'Yar Banki:
Masu cewa ya ajiye ya dawo kamfani, ku tsaya ku ji. Ni a banki nake zama, amma a takarda ba ma'aikaciyar bankin ba ce, wani kamfani ne ya ɗauke mu ya ba su haya. Na'ura kam sabuwa fil, intanet ba ya yankewa, da yatsa muke sa hannu da safe. Na'urar ta san minti nawa na yi da kowane kwastoma, ta san asusu nawa na kawo a wata. Duk ƙwazona a rubuce yake, ba abin da ya taɓa ɓata. Ƙarin girma fa? Babu ma matakin da za a ƙara min, don layinmu ba shi da gaba. Ranar da ba su so, imel ɗaya ne, kafin ka gama karantawa an rufe maka shiga na'ura. Yaya, kai aƙalla kana da lebul ɗin da za ka yi rigima a kansa.

Baban Hanan:
Na gode 'yar uwa, Allah ya kawo miki mafita. Baba, shekarun da suka wuce fa? In an ba ni lebul 10 yanzu, shi ke nan na yi asararsu? Ina da shekara 29 na kama aiki.

Baba Mai Ritaya:
Da wannan tambayar ya kamata ka fara. Ɗauko biro.

Mai digiri da ya shiga a lebul 8, in bai taɓa makara ba, zai yi uku-uku a 8, 9, 10, 12, 13 da 14, don yawancin layuka ba sa bi ta 11. Shekara 18 ke nan kafin ya kai 15. Sai huɗu a 15, huɗu a 16, ya taka 17 bayan shekara 26. Ritaya kuma shekara 35 a aiki ko 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa. Kai da ka shiga da 29, shekarun haihuwa ne za su fitar da kai a 2044, wato 31 gare ka, ba 35 ba. Rararka biyar ce kacal, ka kuwa cinye ta har ka ci bashi. In aka ba ka 10 daga 2026 aka fara sabon lissafi, za ka samu 12 a 2029, 13 a 2032, 14 a 2035, 15 a 2038, 16 a 2042. Nan za ka tsaya, in ma komai ya tafi daidai. A sama kuwa ba ya tafiya daidai, don can ake zaman jiran wani ya fita a samu kujera. Saboda irin wannan cunkoson ne gwamnatin 'Yar'aduwa ta sa wa daraktocin tarayya wa'adin shekara takwas a 2009, aka dakatar da shi a 2016, aka dawo da shi a 2023.

Don haka a kokenka kada ka nemi ƙarin girma kawai ka yi shiru. Ka nemi a mayar maka da shi zuwa ranar da ka cancanta, wato 2020, tunda jinkirin ba daga gare ka ba ne. Za su iya cewa babu kuɗin baya, a takarda kawai za a ba ka. Ka karɓa da hannu biyu. Ariyas cikin 'yan watanni za ka cinye shi, matsayin kuwa shi zai bi ka har lissafin fansho. Ka sa reshen ƙungiyar ƙwadagonku a kwafi. Kuɗin da suke yanka a albashinka duk wata na irin wannan ranar ne.

Sabon Jini:
Baba, kun ga lissafin nan da kuka yi da biro? Layi ɗaya ne a Excel, na ma'aikata dubu a lokaci guda. Da tun 2020 an ga sunansa.

Baba Mai Ritaya:
In an samu wanda zai buɗe ya duba ba. Ka ji dai inda filas ɗin shayi yake zaune.

Na Rajista:
Baban Hanan, kafin ka miƙa koken gwada wannan. Kada ka ƙara tambayar fayil da sunanka. Ka je da lambarsa, tana saman takardar ɗaukar aikinka. Ka roƙi mai kula da rajistar sirri ya buɗe littafin fita na 2017 zuwa 2019, ku bi layi-layi ku ga wanda ya karɓa na ƙarshe. In babu, ka nemi a kwance ɗaurin waɗanda suka yi ritaya da waɗanda suka rasu. Sunayenmu maimaituwa suke sosai, kuma mun taɓa tsintar fayil ɗin mai rai a cikin na mamata saboda sunansu ɗaya har na uba. Ka je Talata ko Laraba da sassafe, kafin masinjoji su fara shigowa. Ka tafi da takunkumin hanci, ƙurar wurin ba wasa ba ce.